Wadda Aka Aika Sayen Gishiri

A Tungar Manu, in ɗaya daga cikin tagwaye ya rasu, ba a cewa ya rasu. Cewa ake yi ya tafi Gummi sayen gishiri. A wanke kayansa a kai sadaka wani gari, ko ɗankwali ba a bari a gida, kuma ba a sake kiran sunansa sai shekara ta zagayo. Tsofaffin garin sun ce in ka gaya wa na rayen ɗan'uwansa ya tafi ke nan, to binsa zai yi. Amma wanda aka aika kasuwa, zama ake yi a gida a jira shi.

Malam Halilu ya san da wannan, don a Bukkuyum aka haife shi, kuma ya ji irinsa a bakin kakarsa. Sai dai ya yi shekara bakwai a Ilori yana karatun koyarwa. Ya dawo da akwatin littattafai, da rikoda mai cin batir huɗu, da ra'ayin cewa yaro ba ya son komai sai gaskiya.

A shekarar 1980 aka turo shi Tungar Manu, aka ba shi aji shida. Yara arba'in da ɗaya, yawancinsu an tattaro su ne lokacin da gwamnati ta ce kowane yaro sai ya shiga makaranta. Turanci kuwa rera shi suke yi kamar waƙar gaɗa. Ya faɗa su maimaita, ya juya baya su manta.

Biyu ne kawai suka fita daban, tagwayen Shitu mai noman shinkafa a fadama, Hassana da Husaina. Kafin Halilu ya gama rubuta lissafi a allo sun gama shi a ka. Kamarsu ɗaya har tsagar gefen ido, amma ba wanda ke rikita su. Hassana ce ke fara shiga ɗaki, ita ke fara magana, kuma kafin ta ce komai sai ta ɗan ja hanci kamar mai shirin tsokana. Husaina tana baya, idonta a ƙasa, ba ta magana sai an tambaye ta. Rubutunta ya fi na 'yar'uwarta tsabta.

Turanci ne suka ƙi. Ba wuya ya yi musu ba, ba su ga amfaninsa ba ne. Ya yi alkawarin biro, ya yi na littafi mai hotuna, ba abin da ya canza. Da ya matsa, Hassana ta ja hanci ta ce, "Malam, da wa za mu yi shi? Shanun Dikko Fillanci suke ji, Inna Hausa, Allah kuma Larabci."

Ajin ya kwashe da dariya. Shi ma ya yi, amma ya tafi gida da maganar.

Abin da ya lura da shi daga baya shi ne yawan raɗarsu. Kullum kai a haɗe, kuma an ce a gida ma Innarsu tana fama da su a kan haka. Sai wata rana bayan an tashi ya tsayar da su, ya ce a duk garin nan shi kaɗai ke jin Turanci, shi ma ba a gidansu yake kwana ba. Duk abin da suka faɗa da shi a tsakar gida, ko da ƙarfi ne, ba mai sanin abin da suka ce. Hassana ta kalli Husaina. Suka tafi.

Wata biyu bayan haka ya ji su a bakin rijiya suna gulmar hular hedimasta da Turanci, hedimastan na tsaye kusa da su yana alwala.

Daga nan ya fito da rikoda. Hassana ta ji muryarta ta fito daga akwati, ta yi ta dariya har da riƙe ciki, ta ce a sake. Husaina ta ƙi. Duk lokacin da ya miƙo mata, sai ta ja ɗankwali ta rufe baki. Saboda haka muryar Hassana kaɗai ya ɗauka. Ya sa ta yi tambayoyi ashirin da Turanci, bayan kowace a bar fili, don sauran yara su riƙa amsawa. Yaya sunanki, shekarunki nawa, me kika gani a hanyar makaranta, da irinsu. Tambaya, shiru, tambaya, shiru, har kaset ya ƙare.

A watan Janairu ya cika musu takardun jarrabawar shiga makarantar kwana ta 'yan mata a Sakkwato. Daga duk gundumar yara uku za a ɗauka, kuma bayan rubutu akwai ganawa baki da baki, da Turanci. Bai taɓa shakkar biyu daga cikin ukun ba.

A watan Maris zafi ya sauko da sanƙarau. Yara biyar suka tafi a Tungar Manu. Hassana kwana uku ta yi. Aka kai Husaina gidan kakarta, Iya Uwani, kafin a fito da gawa, aka ce mata an aiki 'yar'uwarta Gummi.

Bayan mako biyu ta dawo makaranta. Ta zauna a gefenta na benci, ta bar ɗayan gefen. Lissafi tana yi. Rubutun Turanci ma tana yi, ba kuskure. Amma ko kalma ɗaya ba ta furtawa. Ya yi tambaya a aji ta kalli ƙasa. Ya kira ta gefe ya yi mata bayanin makarantar Sakkwato, da gadaje, da ɗakin karatu, da cewa in ba ta buɗe baki ba duk rubutun banza ne. Ta saurare shi har ya gama, sannan ta ce da Hausa, "Wadda nike yi da ita ta tai Gummi."

Shekararta goma sha ɗaya. Ta ga yadda wuyan 'yar'uwarta ya sandare, ta ji kukan mata ta bayan danga. Ya tabbata ta sani. Abin da ya ba shi haushi ke nan, gari guda ya haɗa baki da yarinya a kan abin da kowa ya san ba haka yake ba.

Ya je wa hedimasta, Malam Shehu, da maganar a rubuta wa ofishin ilmi a cire sunan marigayiya daga jerin masu jarrabawa. Malam Shehu ya buɗe rajista ya nuna masa. A gaban sunanta ya rubuta cewa ta yi tafiya. Ya ce shi haifaffen garin ne, matarsa kuma ƙanwar Shitu ce, ba zai sa hannu a takardar da ta faɗi wani abu daban ba sai shekara ta cika. In Halilu na so, ya rubuta da kansa. Halilu ya ce zai rubuta. Aiki ya yi yawa, ya kuma ga kujera ɗaya babu kowa a kanta ba za ta cuci kowa ba. Bai rubuta ba.

Saura mako shida jarrabawa ya yanke shawara. Bayan azahar, yara sun watse, ya ce Husaina ta tsaya. Ajin babu kowa, rufin kwano na ƙara saboda zafi. Ya ajiye rikoda a bencinta, a gefen da babu kowa, ya danna.

Aka ji an ja hanci. Sannan muryar ta tambayi sunanta.

Husaina ba ta motsa ba. Filin farko ya wuce, sai hucin kaset. Na biyu ma haka. Ya kai hannu zai kashe, ta ɗora nata a kan akwatin. A tambaya ta uku ta amsa, can ƙasa-ƙasa, cewa a hanya ta ga jaki da shanun Dikko da wata mata ɗauke da itace. Jimlar daidai take, babu abin gyara.

Tun daga ranar kullum sai ta tsaya. Amsoshinta suka yi tsawo har suka fi ƙarfin filin, sai ta koyi sauri don ta gama kafin tambaya ta gaba ta faɗo. Harshenta ya saki. Halilu ya ji daɗi ƙwarai. Yakan kunna mata ya fita baranda da littattafan yara yana dubawa, yana jin su ta taga.

Wata Laraba ya ɗago kai, don ya ji tambayar da bai sani ba. Muryar tana tambaya ko Inna har yanzu tana ajiye ƙosai biyu da safe. Aka amsa a hankali cewa ɗaya take ajiyewa. Aka ja hanci, aka tambayi wa aka ba koren zanen nan. Aka ce ba a sani ba, wani gari aka kai. Aka yi dariya gajera, aka ce ai dama ya koɗe.

Ya tashi ya shiga. Husaina na zaune a gefenta, hannuwa a cinya. Ya duba rikodar. Kaset ɗin ba ya juyawa. Ya danna, ya sake dannawa, batir ya mutu, ga alama tun ɗazu.

Ya tambaye ta yaushe ya tsaya. Ta ce ba ta lura ba.

Ya gaya wa kansa wasan yara ne, kuma a littattafan koyarwa ma an yaba wa yaron da ke ƙirƙiro hira da kansa. Ya sayi sabon batir.

Saura kwana tara jarrabawa Iya Uwani ta zo makaranta da sandarta. Ba ta taɓa taka wurin ba. Ta ƙi kujera, ta zauna a dakali. Suka gaisa doguwar gaisuwa, ta tambayi mutanen Bukkuyum ɗaya bayan ɗaya, har kakarsa da ta sani. Sannan ta ce, "Ɗan nan, an ce kana riƙe da wani abu nata. Mun ba da zanenta, mun ba da takalmanta, allonta ma mun wanke mun bayar. Ashe murya na nan gare ka."

Ya fara yi mata bayanin cewa na'ura ce, kamar rediyo. Ta ce ta san rediyo. Ta ce yarinya tana daka tana magana da harshen nan nasa, ta tambaya ta amsa. Uwarta ba ta jin ko kalma, amma uwa ce, ta san wace murya ce ta wa. Jiya ta saki ludayi ta shige ɗaki. Ta ce ba faɗa ta zo yi ba, guda ɗaya ta rage musu, ita suke so su riƙe. Ta ce ya ba ta kaset ɗin ta kai kogi.

Halilu ya ce kwana tara kawai. Da an dawo daga jarrabawa zai kawo mata da hannunsa. Ta tambayi inda za a yi jarrabawar. Ya ce Gummi.

Tsohuwar ta kalle shi. "Gummi," ta ce. "Duk garuruwan duniya."

Ya ce ba shi ya zaɓa ba, can ne cibiyar jarrabawar. Ta dafa sanda ta miƙe, ba ta yi sallama ba.

Ranar jarrabawa ta faɗo ranar kasuwa. Ruwan farko ya sauka, kogin Zamfara ya ɗan kawo, sai da suka shiga kwalekwale, shi da yara bakwai, tare da mata masu kai shinkafa. Husaina ta zauna can baya, ba ta kalli ruwa ba.

Da safe aka yi rubutu, kowa da lambarsa. Bayan azahar aka tara su a inuwar darbejiya don ganawa. Wata malama da aka turo daga Sakkwato, mai farin gilashi, ta tsaya a ƙofar aji da takarda tana kiran suna ɗaya-ɗaya. Halilu na tsaye a bayan yaransa.

"Hassana Shitu."

Wata uku ba wanda ya faɗi sunan nan a fili. Yaran Tungar Manu suka sunkuyar da kai. Halilu ya buɗe baki zai ce ba ta zo ba, sai ya ga yarinyar ta riga ta miƙe. Ba ta kalle shi ba. Ta ratsa yara, kai a ɗage, ta shige ajin tun kafin malamar ta juya.

Ya matsa kusa da taga. An ba ta kujera ta zauna. Malamar ta yi tambaya ɗaya, biyu, ta amsa. Sannan ta ja hanci ta fara tambayar malamar, ko gilashin nan yana sa ta ga ƙaryar yara, ko a Sakkwato ma hedimasta na barci a ofis. Malamar ta yi dariya har ta cire gilashin. Ganawar minti biyar ta zama ta minti goma sha biyar.

Ta fito ta koma inuwa ta zauna. Malamar ta duba takarda.

"Husaina Shitu."

Shiru. Ta sake kira. Halilu ya kalli yarinyar, tana wasa da tsinke a ƙasa kamar ba a garinsu ake wannan sunan ba. Ya yi lissafi cikin sauri. In ya ce wadda ta shiga ba ita ce mai sunan ba, za a ce sojan gona ne, a kore ta, aikin shekara ya zube. Gara a bari, a gyara a takarda daga baya. Aka kira na uku. Malamar ta ja layi ta wuce.

Da aka tashi malamar ta neme shi ta ce a duk cibiyoyin da ta zaga ba ta ga yarinya irin wannan ba. Ta tambayi abin da ya hana 'yar'uwar zuwa. Ya ce ta yi tafiya. Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa.

A hanyar komawa bakin kogi yarinyar ta ce yara su jira ta, ta kutsa cikin kasuwa. Ba ta jima ba ta dawo da wani ƙulli a gefen ɗankwali. Ya ɗauka alewa ce. A kwalekwale gaba ta zauna, tana tsokanar mai tuƙi cewa sandarsa ta fi shi ƙiba.

Da la'asar suka iso. Ya raka ta har gida don ya gaya wa Shitu yadda aka yi. Suna cikin gaisawa a zaure ta wuce su ta shige. Daga ciki ana jin daka. Halilu na tsakiyar cewa yarinya ta yi ƙoƙari sai muryarta ta taso daga tsakar gida, sarai, da Hausa.

"Inna, ga gishirin."

Dakan ya tsaya. Ba kuka, ba salati. Shitu ya kalli ƙofar cikin gida, ya kalli Halilu, sannan ya sunkuya yana gyara tabarmar da ba ta karkace ba. Halilu ya yi sallama ya fita. Bai kai wa Iya Uwani kaset a ranar ba, kuma ba ta aiko ba.

A watan Agusta sakamako ya zo. Hassana Shitu ce ta ɗaya a gundumar. Har a takardar rubutun safe, lambar Hassana aka samu. Husaina Shitu ba ta halarta ba.

Ya kai wa Malam Shehu, ya ce yanzu dole a gyara. Malam Shehu ya tambaye shi me za a rubuta. Cewa wadda ta ci tana kabari, wadda ke raye kuma ba ta zo ba? Za su soke gurbin, su kuma tambayi malamin da ya tsaya yana kallo. Ya ce ya je ya ji ta bakin uban.

Ya sami Shitu a fadama, ruwa har ƙauri, yana cire ciyawa a cikin shinkafa. Ya yi masa bayani duka. Shitu bai ɗago ba. Ya ce shi bai san takarda ba. Uwarta ta karɓi gishiri, ta zuba a miya, sun ci. Wadda ta dawo ta dawo.

Yarinyar na bakin gona da ƙwaryar fura da ta kawo. Halilu ya je ya tsuguna a gabanta. Ya tambaye ta sunanta da Turanci, tambayar farko ta kaset. Ta ja hanci, ta yi murmushi, ta faɗa masa, har da ƙarin cewa Malam ya tsufa da wuri in ya fara mantuwa. Sai ya koma Hausa, ya sassauta murya, ya ce ina Husaina.

Ta kalle shi kamar mai mamakin babba bai san abin da kowa ya sani ba.

"Malam, ba a kiran sunan," ta ce. "Ta tai Gummi."

A watan Satumba aka sa ta a mota da akwatin ƙarfe, an rubuta Hassana Shitu a jikinsa da farin fenti. Tana ta ɗaga wa mutane hannu. Washegari aka ga Innarta ta wanke wasu kaya ta shanya, ta ba mai zuwa Anka ya kai sadaka.

Da hantsi Halilu ya ɗauki kaset ya tafi gidan Iya Uwani. Tana zaune a ƙofar ɗaki tana tsince wake. Ya miƙa mata, ya ce ya makara. Ta kalli abin ba ta karɓa ba. Ta ce mai wannan muryar ai ta tafi da abarta Sakkwato, me za ta yi da shi.

Ta ci gaba da tsince wakenta. Har ya juya ta ce, "Ɗan nan. Ta gudan fa? Ka ɗauki tata?"

Ya ce a'a. Ba ta taɓa yarda ba.

Ta gyaɗa kai, ta zubar da tsakuwa.

Ya koma makaranta. Hutu bai ƙare ba, ajin babu kowa, an jera benci a jikin bango. Ya sa kaset ya danna. Aka ja hanci, aka tambayi suna. Filin ya biyo baya. Ya ƙara sauti har ƙarshe, ya kai kunnensa jikin akwatin, yana saurare har tambaya ta biyu ta faɗo.